Kafin ku kai mujallar ɗalibai wurin bugawa: yadda ake jin ta bakin masu karatu a Maraɗi

Tun da na ba da labarin ƴar mujallar da muka taɓa fitarwa muna ƴan lise, wato babbar sakandare, tambayoyi ba su yanke ba. Wasu daga ɗaliban lise-lisen cikin gari suke, wasu daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, har da malaman makarantun Faranko-Arab masu son ɗalibansu su fara rubutu. Maganar kusan ɗaya ce: mun kafa kwamiti, mun raɗa wa mujalla suna, an ce sai mun san masu karatunmu kafin mu buga, to ta ina ake kamawa?

Ga yadda ake yi, daki-daki. Amma ku riƙe abu ɗaya tun yanzu, don a kansa sauran suka zauna. Mutumin Maraɗi ba ya watsa maka ƙasa a ido. Ka tare ɗan ajinku ka ce za ku fitar da mujalla, zai saya? Zai ce: “In sha Allahu, ai mu ne na farko.” Kara ce ya yi maka. Ranar da mujalla ta fito, dala 20 ɗin da ke aljihunsa, sefa 100 ke nan, ta mai ƙosai ce. Don haka duk dabarar da ke ƙasa hanya ce ta zagaye kara, ku gano abin da mutane suke yi da idonsu da wayarsu da kuɗinsu.

1. Ku rubuta abin da ba ku yanke ba tukuna

Ku zauna ku biyar ko shida da kaye ɗaya, wato littafin rubutu. Kada ku fara da tsara tambayoyi. Ku fara da jera shawarwarin da ke gabanku waɗanda har yanzu ake gardama a kansu. Yawanci ba sa wuce biyar: da wane harshe za a rubuta, a takarda za ta fito ko a waya, nawa za a sayar, sau nawa a shekara, sannan me zai cika shafukan.

Gaban kowace shawara ku rubuta abin da za ku yi idan amsa ta zo haka, da abin da za ku yi idan ta zo akasin haka. Misali: idan ƙasa da rabin ɗalibai ne ke da wayar da take buɗe PDF, takarda za mu buga, idan sun haura, mu yi duka biyun. Wannan rubutun shi zai hana ku murɗe sakamako daga baya ya dace da abin da shugaban kwamiti yake so tun asali.

Hattara: abin da aka riga aka yanke, kada a tambaye shi. Idan shugaban makaranta ya ce ba za a taɓa siyasa ba, babu amfanin sa siyasa cikin jerin abin da za a zaɓa. Za su zaɓa, ku kasa yi, su ce kun yaudare su.

2. Izini

Wasiƙa ƴar gajeruwa zuwa ga shugaban makaranta: su wane ne ku, me za ku tambaya, a waɗanne azuzuwa, minti nawa za ku ci. Ku haɗa da kwafin tambayoyin idan sun kammala. Ku sami malami ɗaya da zai tsaya muku, shi zai shige gaba ranar kai wasiƙa. Ku kuma gaisa da wakilan ƙungiyar ɗalibai ta USN na makarantarku ku gaya musu abin da kuke ciki. Ba izininsu kuke nema ba, amma takarda tana yawo a aji ba su san da ita ba, kafin azahar an ce hukumar makaranta ce ke tattara sunayen masu tsaurin ido.

3. Wa za a tambaya, kuma mutum nawa

Nan ne mafi yawan kwamitoci suke faɗuwa. Kowa ya ɗauki takarda goma ya kai wa abokansa, a dawo a ce ɗalibai sun ce kaza. Abokan masu son rubutu masu son karatu ne. Ba su ne makaranta ba.

Ku je ofis ku roƙi jerin sunayen kowane aji. Mu ce makarantarku tana da ɗalibai 1,200 a azuzuwa 20, kowane aji mutum 60, kuma ƙarfinku na tambayar mutum 150 ne. Ke nan mutum ɗaya cikin kowane 8. Ku rubuta 1 zuwa 8 a ƴan guntayen takardu, ku zuba a hula, wani ya zaro ɗaya. Idan 3 ta fito, a kowane aji ku ɗauki na 3 a jeri, da na 11, da na 19, haka har ƙarshe. Wanda lamba ta faɗa wa shi ne, ko da kun san ko allo ba ya son dubawa. Shi ma kansa labari ne. Idan bai zo makaranta ba ranar, ku ɗauki wanda ke biye da shi a jeri, kada ku ɗauki wanda ya ɗaga hannu.

Game da yawa, lissafin masu ƙididdiga yana da sauƙin riƙewa. Idan an zaɓi mutane ta irin wannan ƙuri'a, amsar mutum 100 tana iya kaucewa gaskiya da kusan kashi 10 cikin 100, sama ko ƙasa. Ta mutum 400 da kusan kashi 5. Wato sai kun ninka wahala sau huɗu kafin kuskure ya ragu da rabi. Ga mujallar makaranta, 100 zuwa 150 sun isa. Mutum 120 da aka zaɓa da ƙuri'a sun fi 500 da suka kawo kansu.

Bayan kun zaɓa, ku duba ko kowane gida ya samu shiga. Ƴan mata nawa ne? Akwai ƴan ajin ƙarshe na kwaleji masu jarrabawar BEPC, da ƴan tarminal, ajin ƙarshe na lise masu jarrabawar BAC, waɗanda jarrabawa ce kawai a gabansu? Akwai ƴan seri A na adabi da ƴan seri D na kimiyya? Akwai yaran da suka zo daga Tibiri, Madarunfa, Gidan Rumji ko Dakoro suke zaune a gidan wani ɗan'uwa, waɗanda kuɗin kashewarsu ba ɗaya ba ne da na ɗan Alhajin unguwar Ali Ɗan Sofo? A jami'a kuwa rabon ta fanni ake yi: kimiyya da fasaha, aikin gona, kiwon lafiya, da ƴan IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'ar. Can kuma ku tuna ba kowa ne Bahaushe ba. Akwai Zabarmawa, Fulani, Buzaye da Barebari da karatu ya kawo Maraɗi, wasunsu suna jin Hausar kasuwa amma ba za su karanta shafi guda da ita ba.

4. Ku fara da zaman shayi

Kafin ku rubuta tambaya ko ɗaya, ku yi zama uku na sauraro, kowane da mutum 6 zuwa 8, kamar awa guda. Ɗaya na samari, ɗaya na ƴan mata, ɗaya na ƙananan azuzuwa. Kada a haɗa su. Yaron ajin farko na kwaleji ba zai buɗe baki gaban ɗan tarminal ba, yarinya kuma idan samari suna wurin, murmushi kawai za ku samu.

Na samari ya fi daɗi a fada, majalisarsu ta hira, da buta a kan gawayi. Kada ku yi gaggawa: lokacin shayin farko kowa yana faɗin abin da ya dace ne, sai an zuba na biyu gaskiya take fara fitowa. Na ƴan mata kuwa mace ce za ta jagoranta, a cikin makaranta, da rana, namiji ko ɗaya kada ya zauna, ko da shi ne shugaban kwamiti.

Ku zo da kaya ku baza a tabarma: tsohuwar jaridar Le Sahel, littafin Hausa irin na Kano, takardun tsofaffin jarrabawa, wani abu mai zane-zanen barkwanci, da waya mai PDF a buɗe. Ku bar su minti biyar ba ku ce komai ba. Wanne aka fara ɗauka? Wanne aka yi ta miƙa wa juna? Wanne ya zauna ba wanda ya taɓa? Mutum ɗaya yana tambaya, ɗaya yana rubutu a gefe. Mai rubutun ya kama kalmomin da suke amfani da su, don da su za ku tsara takardar tambayoyi.

Tambayoyin zaman na labari ne. “Jiya bayan isha'i me ka yi da wayarka?” “Yaushe rabonki da karanta wani abu da ba na makaranta ba, mene ne?” “Wane labari ne ya fi yawo a makarantar nan satin da ya wuce, ta ina ka ji shi?”

Hattara: kowace fada tana da mai baki. Idan kun ga shi kaɗai yake amsawa, ku juya ga na gefe da sunansa: “Kai fa, ɗan'uwa, haka ne a wurinka?” Kuma kada a ɗauki murya a waya sai kowa ya yarda. Ni dai na fi son kaye, don da an ajiye waya a tsakiya kowa yake koma wa Hausar rediyo.

5. Takardar tambayoyi

Takarda ɗaya, gaba da baya, tambaya 10 zuwa 12. Abin da ya wuce haka, rabin ƙarshe za a cike shi ne da ka. A fara da masu sauƙi, a bi da na ɗabi'ar karatu, sai na abin da ake so a gani, sai kuɗi. Aji da jinsi da unguwa su zo a ƙarshe. Ba a rubuta suna.

Dokar ita ce a tambayi abin da ya riga ya faru. “Kana son karatu?” tambayar banza ce, don babu ɗalibin da zai ce a'a. A ce: “A cikin kwana 7 da suka wuce, ka karanta wani abu da ba malami ya sa ka ba? Idan e, mene ne?” Maimakon “Kana da waya?” a ce: “Wayar da kake amfani da ita, taka ce, ko ta wani ce a gida? Tana shiga WhatsApp?” Za ku yi mamakin yawan waɗanda wayar inna ko ta yaya suke ara da dare. Sannan: “Satin da ya wuce, kwana nawa kana da mega?” Ko layin Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, mai waya babba da babu mega, wato data, a cikinta ba mai karatun intanet ba ne.

Batun harshe yana son kulawa ta musamman. Tun da kundin mulkin Nijar na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kusan duk wanda kuka tambaya zai ce a yi da Hausa, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Matsalar ita ce yawancinmu da Faransanci aka koya mana haɗa baƙi. Wanda ya saba rubuta “tchiwo” da “goulbi” a WhatsApp, idan ya ga “ciwo” da “gulbi” da ƙ da ɗ da ƴ sai ya riƙa tuntuɓe. Don haka ku gwada. Ku sa sakin layi ɗaya, jimla huɗu, da Hausar boko, ku sa wani mai tsawo ɗaya da Faransanci, kowane da ƴar tambaya a ƙarƙashinsa wadda sai an karanta za a iya amsawa. Sannan ku tambaya wanne ya fi saurin shiga. A makarantun Faranko-Arab ku ƙara na Larabci ko na ajami. Ita kanta takardar tambayoyin a rubuta ta da Hausa da Faransanci gefe da gefe.

Abin da za a sa a mujalla: ku jera fannoni 8 zuwa 10 daga abin da kuka ji a zaman shayi. Tsofaffin tambayoyin BEPC da BAC da gyaransu, labarin guraben karatu da tallafi, ƙwallo da kokowa, waƙe da gajerun labarai, addini, lafiya, sana'a, barkwanci da zane, hira da tsofaffin ɗalibai. Ku ce a zaɓi uku kawai. Idan kun bar shi a buɗe, ruwan ido zai sa a zaɓi duka. Ku sani kuma addini da gyaran jarrabawa za su zo a sama ko da yaushe, wani ɓangare don ana son su da gaske, wani don ana tunanin mushe, wato malami, zai gani. Sai ku biyo da wata tambaya ta zagaye: “Mene ne abu na ƙarshe da ka tura wa abokinka a waya?” Idan amsoshin biyu sun yi hannun riga, ta biyun ce ke gaya muku abin da za ku sa a bango.

Sai kuɗi, kuma a nan zan faɗi abin da ya same mu. A namu binciken mun bar fili ne muka ce a rubuta nawa za a iya saye. Da yawa suka rubuta 100, wasu 50, wasu 20. Muka yi murna da masu 100, muka yi tsaki da masu 20. Sai daga baya muka gane ba harshe ɗaya suke yi ba. Mu a nan da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa 5. Wanda ya rubuta 20 yana nufin dala 20, wato sefa 100. Wanda ya rubuta 100, wani sefa 100 yake nufi, wani dala 100, wato sefa 500. Akwai ma wani ɗan wajen Ɗan Isa da ya ce shi da naira ya lissafa. Tambayar gaba ɗaya ta tashi a banza. Don haka kada ku bar fili. Ku jera farashin da kanku, kowane da suna biyu: sefa 50, dala 10; sefa 100, dala 20; sefa 150, dala 30; sefa 250, dala 50; sefa 500, dala 100; da kuma “ba zan saya ba, zan ara”. Wannan ta ƙarshe dole ce. Ku sa ta a fili don mai kunya ya ga ba laifi ba ne. Kusa da ita ku tambaya: “Jiya nawa ka kashe a makaranta?” Wanda kuɗin karinsa dala 20 ne ya ce zai sayi mujalla dala 100, kun san yadda za ku ɗauki maganarsa.

Hattara: masu son yi wa mujalla rubutu ko zane su ba da suna da lambar waya a wata ƴar takarda daban, a wani kwali daban. Da zarar suna ya hau takardar tambayoyi, kara ta dawo. Lambobin kuma amana ce. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita. Kada wani ɗan kwamiti ya kwashi lambobin ƴan mata ya koma yi musu sallama da dare. Abin yana faruwa, kuma mujallar ce take mutuwa.

6. Ku gwada da mutum goma

Kafin ku buga 150, ku buga 10. Ku ba ɗalibai daga azuzuwa daban-daban, ku zauna kusa kuna kallon agogo. Duk inda mutum ya ɗago kai ya ce “nan me ake nufi?”, tambayar ce ba ta da lafiya, ku gyara ta. Idan cikewa ta wuce minti 10, ku rage. Waɗannan goman ba sa shiga lissafi.

7. Kayan aiki da kuɗinsu

Ku tambayi mai fotokofi biyu ko uku kafin ku tsaya, kuma ku gaya masa yawan, don ana ragi. Ga yadda ake lissafin. Mu ce ya ce fuska ɗaya dala 5, sefa 25. Takarda 170, har da na ko-ta-kwana, gaba da baya fuska 340 ke nan, sefa 8,500, jika takwas da rabi. Ku ƙara bik kamar 10 don masu cewa nasu ya ƙare, shayi da sukari da gawayi na zama uku, kuɗin kira, da kuɗin kabu-kabu idan makarantu fiye da ɗaya za ku zaga. Kwali biyu na banza daga kanti, a liƙe su a huda baki. Wasu masu fotokofi suna rage kuɗi idan kun kawo takardarku. Bandir ɗin A4 yana da 500, zai ishe ku har da fitowar gwaji. Ma'aji ya rubuta kowace dala da ta fita, ya karɓi rasit. Rigimar kwamiti daga nan take farawa.

8. Ranar rabawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makaranta tana daidaita ne bayan komawar Oktoba, don haka tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi. Ku kauce wa satin jarrabawar zango. Daga Mayu kuwa ƴan BEPC da BAC ba sa jin kira. Idan azumi ne, da safe. Ku gama duk azuzuwan cikin kwana biyu ko uku, kafin waɗanda suka cike su gaya wa sauran abin da za su rubuta.

Kada ɗan kwamiti ya raba a ajinsu. Ku yi musanya. Ku roƙi malami da ladabi: “Mushe, don Allah a ba mu minti goma, in ba damuwa a ɗan ba su wuri.” Malami yana tsaye, kowa limami ne. Ku karanta bayani iri ɗaya a kowane aji: ba jarrabawa ba ce, babu suna, babu dole, wanda bai so ba ya mayar da ita fara. Kowa ya ninke tasa ya jefa a kwali da hannunsa. Kada a bar kowa ya tafi da ita gida. Ba za ta dawo ba, in ma ta dawo yayansa ne ya cike.

To waya fa? Ana iya amfani da ita a matsayin ƙari. Ƙuri'ar WhatsApp tana ɗaukar zaɓi har 12, amma kowa a zauren yana ganin abin da kowa ya zaɓa, don haka ba ta dace da maganar kuɗi ba. Ta yi daidai da zaɓen suna ko launin bango. Google Forms sai da intanet. Manhajar cike tambayoyi ta KoboCollect tana aiki a wayar Android ko babu intanet, sai an samu a tura, ta dace da ƴan jami'a masu zagayawa suna tambaya baki da baki. Amma ku lura: idan ta waya kuka tambaya ko a yi mujallar waya, masu waya ne kaɗai suka amsa. Kada ku zuba amsoshinsu cikin na kwali. Ku lissafa su daban.

9. Ƙidaya

Ku buɗe kwali ku uku aƙalla. Abu na farko, a ba kowace takarda lamba, 1 zuwa ƙarshe. Ɗaya yana karantawa, ɗaya yana jan sanda biyar-biyar a kaye, na uku yana duba su. Idan akwai kwamfuta, Excel ya fi: layi ɗaya na mutum ɗaya, kowace tambaya da gurbinta. Ku riƙa adanawa bayan kowace takarda goma, kun san halin wutarmu.

Jimilla kaɗai ba ta faɗin komai. Ku raba: maza da mata, manyan azuzuwa da ƙanana, masu wayar kansu da masu aro. Sau da yawa a nan abin yake. Ƙwallo tana iya zuwa ta biyu a makaranta gaba ɗaya, a duba a ga kusan babu mace ko ɗaya da ta zaɓe ta, alhali matan ne suka fi cewa sun karanta wani abu a satin. Wa kuke bugawa ke nan?

Hattara uku a nan. Idan rukuni ƙarami ne, ku faɗi adadi: “9 cikin 14”, kada ku ce kashi 64, yana sa abu ya yi kama da babba. Idan 52 sun ce Hausa 48 sun ce Faransanci, babu wanda ya yi nasara, canjaras ne, mujallar harshe biyu za ku yi. Sannan filin da aka bari fari shi ma a ƙirga shi. Tambayar da mutum 40 suka tsallake, ko ba a gane ta ba, ko ana jin nauyinta.

Amsoshin da aka rubuta da hannu ku karanta su duka da ƙarfi a zaman kwamiti, har da na masu zagi. Daga nan ku koma kayen matakin farko, ku cike gaban kowace shawara.

10. Fitowar gwaji, da kuɗi a hannu

Har yanzu magana ce kuke da ita. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku haɗa ƙaramar fitowa bisa abin da bincike ya nuna. Mujallar da ake ninkewa a ɗinke a tsakiya, shafukanta huɗu-huɗu suke tafiya: A4 biyu a ninke sun ba da shafi 8 ƙanana. A lissafinmu na sama, fuska huɗu ke nan, sefa 100 kowane kwafi, kwafi 50 jika biyar. Kun ga tun nan wani abu ya fito: idan yawancin ɗalibai a dala 20 suka tsaya, kuɗin bugu kawai za ku mayar, sai an nemi talla ko tallafi.

Ku sayar a farashin da kuka yanke, lokacin hutun tara, kusa da masu abinci, inda kuɗin yake. Ba kyauta, ba bashi, ko ga aminin shugaban kwamiti. Kwafin shugaban makaranta da na malamin da ya tsaya muku ne kawai kyauta. Ku rubuta ajin kowane mai saye, da ranar, da abin da waɗanda suka duba suka ajiye suka ce. Idan 50 sun ƙare a yini ɗaya, ku ninka a fitowa ta gaba. Idan sati ya zagayo 20 suna hannunku, ku duba farashi da bango kafin ku zargi ɗalibai da rashin son karatu.

Bayan sati guda ku koma wa masu saye kamar 15 da tambaya uku: wane shafi ka fara buɗewa, wanne ka tsallake, mutum nawa suka karanta naka? Ta ukun tana da daraja, don kwafi ɗaya yana iya zaga benci uku ya je gida ƙanne su karanta. Idan za ku saki PDF, sai bayan wannan satin, kuma ku matse shi ya zama mara nauyi, yadda za a iya tura shi ta Xender ba tare da mega ba.

Da wannan za ku tunkari masu talla. Ku taƙaita sakamakon a shafi ɗaya: mutum nawa aka tambaya, yadda aka zaɓe su, kwafi nawa aka sayar, mutum nawa ke karanta kowane. Ku fara da waɗanda ɗalibai ne abokan cinikinsu: mai kantin kaye da littattafai, mai fotokofi, tela mai ɗinka kayan makaranta, mai gyaran waya. Ku je ku biyu, da kwafi a hannu. “Alhaji, barka da kasuwa. Ɗalibai ne mu, ga abin da muka buga, 50 muka yi sun ƙare, kowane kuma mutum huɗu ne ke karanta shi.” Ɗan kasuwar Maraɗi lissafi yake ji. Ku faɗi adadin da kuka samu da gaske, don zai iya tambayar ɗansa da ke ajinku.

Kwafin wannan shafin ku liƙa shi a allon sanarwa na makaranta, da Hausa da Faransanci, waɗanda suka cike su ga inda maganarsu ta tafi. Takardun tambayoyin a ɗaure su a ba malamin da ke kula da ku ya ajiye, kwamitin baɗi zai buƙace su don kwatantawa. Ƴan takardun suna da lambar waya kuwa, da zarar kun kira masu son rubutu zama na farko, a ƙone su.